Hannun Haruna Kafinta

Shekara talatin da bakwai na yi ina aikin akawun lauya a cikin garin Jos. Ban taɓa sa baƙar riga ba, ban taɓa buɗe baki a gaban alƙali ba, amma babu takardar da maigidana ya ɗaga a kotu wadda ba ta fara bi ta hannuna ba. Yanzu da na ajiye aiki, matasa masu sha'awar wannan hanya sukan zo gaishe ni, kuma kusan dukkansu magana ɗaya ce a bakinsu: wai neman diyyar wanda ya yi hatsarin babur ba wani aiki ba ne, a ɗauki hoton rauni da waya, a rubuta ƙara, a zauna jiran kuɗi. Nakan bar su su gama. Abin da zan rubuta a nan shi ne amsar da ba na samun sukunin ba su a zaune.

Aikin farko da aka ba ni awo ne. Wanda ya koya mini sana'ar wani dattijo ne mazaunin Kabong, Mista Eze, babban akawun ofishinmu a lokacin. Na zo masa da takardar makaranta da rubutun hannu irin wanda malamanmu suka miƙar da bulala, ina tsammanin za a zaunar da ni gaban keken rubutu. Sai ya miƙo mini tef na awo da guntun alli, ya aike ni wata mararraba inda tasi ta buge wani mai babur. Na je, na duba, na dawo na ce motar ta ja birki kamar taku goma.

"Kamar?" in ji shi. "Malam, kotu ba ya cin kamar. Koma."

Na koma na auna, na dawo da ƙafa da inci. Ya ce daga inda baƙin taya ya fara a kan kwalta zuwa sandar lantarki fa, ƙafa nawa? Ban auna ba. Ya cire gilashinsa ya dube ni. Ya ce baƙin taya ruwan sama zai wanke shi kafin gobe, sandar kuwa tana nan har ranar shari'a, saboda haka duk awon da ba a ɗaure shi da abin da ba ya motsi ba, ɓata alli ne. Na koma karo na uku, a ƙafa. Shekara biyu na yi a ƙarƙashinsa kafin ya yarda in buga takardar ƙara ni kaɗai, kuma ita ma sai da ya bi ta layi-layi da jan biro.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai keken rubutu da takardar karbon, mukan buga kwafi huɗu a tashi ɗaya, kuskuren harafi guda kuwa yana nufin a sake daga farko. Akwai littafin aljihu wanda ba ya rabuwa da ni, domin shaida yakan faɗi gaskiya a ranar hatsari, bayan mako guda sai ya faɗi abin da unguwa ta yarda da shi. Akwai ƙaramin akwatin tawada na dangwale. Sai takalmi mai ƙwari, wanda shi ne ya fi kowanne shan wahala. Daga baya na'ura ta zo ta kori keken rubutu, waya ta kori mai hoto, amma ban ga abin da ya kori tafiya ba.

Masu zuwa wurinmu kuwa, yawancinsu a makare suke zuwa. Mutum zai karye a ƙafa, danginsa su sace shi daga asibiti su kai wa maɗori, sai bayan wata shida ya shigo ofis yana ɗingishi, babu rahoton likita, babu zanen 'yan sanda, ɗan acaɓan da ya ɗauko shi ya koma garinsu. Idan ma an dace da duk waɗannan, sai a zo kan takardar inshorar motar da ta yi ɓarnar. A nan ne yawancin ƙararraki suke mutuwa. Direbobi da yawa a bakin titi suke sayen takardar, daga hannun wani mai jaka, kuma ba su ɗauke ta a bakin komai ba face abin nuna wa ɗan sanda a shingen bincike. Sai ka ɗauki lambarta ka je kamfanin, a buɗe rajista, a ce ba su san da ita ba. Daga nan sai dai ka bi mai motar da kansa, shi kuwa sau da yawa motar ce kaɗai abin da ya mallaka.

Shi ya sa ƙarar Haruna ta fita daban tun daga farko.

Haruna kafinta ne a kasuwar Katako, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda aka sani da iya haɗa ƙofa da taga. Wata safiya ya hau acaɓa daga wajen Farin Gada zai koma rumfarsa. Wata babbar mota da aka gama yi wa lodin kabeji ta yo baya daga bakin kasuwa zuwa kan titi, babu kowa a bayanta yana ba direba hannu. Ta ture babur ɗin. Ɗan acaɓan ya tsira da ƙujewa, shi kuwa Haruna hannunsa na dama ya shiga ƙarƙashin tayar baya. A asibiti aka yanke shi daga saman gwiwar hannu.

Wani abokin aikinsa ne ya zo ofishinmu a ranar, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Kafin azahar ina wurin da tef ɗina. Na auna daga bakin kwalbati, na rubuta maganar wata mai sayar da latas wadda abin ya faru a kan idonta, na sa ta dangwala. Na bi 'yan sanda har suka yi zane, na bi likita mako uku har ya sa hannu a rahoto. Sannan na kwafi lambar inshorar motar na tafi kamfanin, ba don ina sa ran komai ba, sai don haka aka koya mini. Matar da ke kan tebur ta duba, ta ce lambar tana nan, kuma wa'adinta bai ƙare ba. Na ce ta sake dubawa. Ta sake, ta juyo mini da fuskar na'urar na gani da idona. Mai motar, Alhaji Bala, yana yi wa wani babban kamfani jigila a wasu lokuta, su ne suka tilasta masa yin inshora ta gaskiya.

Na koma ofis ban tsaya cin abinci ba. Maigidana, wanda kowa ke kira Barista, ya karanta takardun a tsaye, ya ce a duk shekarunsa bai taɓa riƙe ƙarar babur mai tsabta irin wannan ba. Abin da muke nema shi ne diyyar da za ta riƙe mutumin da aka raba da sana'arsa har ƙarshen rayuwarsa, kuma ga wanda zai iya biya.

A nan sai ku buɗe kunne, domin nan ne wurin da aka yi kuskuren. Doka ba ta yarda ka rubuta sunan kamfanin inshora a matsayin wanda ake ƙara ba. Direba da mai mota ake ƙara. Kamfanin yana tsaye ne a bayansu, shi yake ɗaukar musu lauya, shi kuma yake biya idan alƙali ya yanke. Saboda haka sunan da na buga a saman sammaci shi ne na Alhaji Bala. Na yi wa Haruna wannan bayani sau ɗaya, a ofis, yana zaune da bandeji, idonsa a ƙasa. Ya ce to. Na rubuta a littafina cewa an yi wa mai ƙara bayani. Na raka masinjan kotu har ƙofar gidan Alhaji, aka miƙa masa takarda, na juya na tafi.

Abin da ban tsaya na auna ba shi ne wannan: Alhaji Bala da mahaifin Haruna, Malam Sule, unguwarsu ɗaya, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci tun suna samari. Alhaji ne ya biya kuɗin asibiti tun kafin a tambaye shi. Daga gidansa ake kai abinci asibiti safe da yamma har aka sallami Haruna. Na san duk wannan, domin yana cikin littafina. Na rubuta shi ne a matsayin hujjar cewa Alhaji ya amsa laifin direbansa.

An zauna sau ɗaya, aka ɗage. Kafin ranar da aka sa ta zo, ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki, aka sa sarƙa da kwaɗo a ƙofa. Wannan ita ce shekara mafi muni da na gani a sana'ar. Wata ya bi wata, babu zama, babu hatimi, babu ko wanda zai karɓi takarda. Lauyoyi masu mota suka koma hawa keke mai ƙafa uku na haya, akawuna irinmu muka koma buga takardun haya da na neman aiki. Shaidu suka watse, wasu suka mutu. Ni kuwa na sa ido a kan shaidun Haruna. Duk mako biyu sai na je Farin Gada na tabbata mai latas tana nan, na leƙa likita don kada a yi masa canjin wurin aiki ban sani ba. Fayil ɗin yana cikin akwatin ƙarfe, ban bar ko ƙura ta hau shi ba. Unguwarsu Haruna ce kaɗai ban taka ba, domin a lissafina babu shaida a can.

Ranar da aka koma zama, muka iso da wuri. Mai latas ta bar kayanta ta zo, likita ya zo. Haruna bai zo ba. Da aka kira ƙarar, lauyan kamfanin inshora ya miƙe da takarda guda a hannu, ya shaida wa kotu cewa an sasanta, mai ƙara ya karɓi abin da aka ba shi, ya yafe duk wani haƙƙi nasa a kan wannan hatsari, yanzu da nan gaba. Aka miƙo wa Barista kwafi. A ƙasan takardar ga dangwalen babban yatsan hagu, ga sa hannun shaidu biyu. Abin da aka rubuta an ba shi kuwa, ko tsohon injin yankan katako ba zai saya ba.

Barista ya juyo ya dube ni. Na riƙe takardar, na karanta ta sau uku a inda nake zaune, haruffan ba su canza ba. Ya roƙi kotu ta ba shi mako biyu, aka ba shi.

Na sami Haruna a ƙofar gidansu yana zaune a kan benci.

"Haruna, mene ne wannan?"

"Wallahi, Akawu, kunyar zuwa wurinku na ji."

"Ba kunya na tambaye ka ba. Wa ya kawo maka takardar nan?"

Sai ya ba ni labari. Tun da aka kai sammaci, unguwa ta ɗauka cewa ɗan Malam Sule zai sa a yi gwanjon motar Alhaji da gidansa. Mata suka daina shiga wurin matarsa. A masallaci a gaisa da mahaifinsa a taƙaice. Shi kansa Alhaji ya rame, domin shi ma haka ya fahimta, kuma lauyan da aka turo masa bai gaya masa akasin haka ba, ya dai ce idan aka sasanta a gida magana ta ƙare. Sai Alhaji ya ɗauki liman da dattawan unguwa suka je wurin Malam Sule. Aka yi addu'a, aka ce abin da ya faru daga Allah ne. Malam Sule ya ce ya yafe, duniya da lahira. Washegari akawun wancan lauyan ya zo da takarda da tawadarsa.

Akawu ne irina, kuma na san shi. Sau huɗu ya shiga unguwar nan a cikin yajin aikin.

"Ba na gaya maka ba Alhaji ne zai biya ba?" na ce.

"Ka faɗa. Na faɗa wa Baba. Ya ce to sunan wa ke jikin takardar?"

Da na koma, Barista ya sake duba takardar, ya nuna mini wata kafa. Da Turanci aka rubuta ta, Haruna kuwa ba ya karanta Turanci, kuma babu inda aka rubuta cewa an fassara masa, balle sunan wanda ya fassara. Idan shi da mahaifinsa za su zo su rantse cewa ba su fahimci abin da aka sa su yi ba, akwai yiwuwar kotu ta soke ta. Ya ce in fara da Alhaji.

Na same shi a garejin motarsa. Da ya gan ni sai fuskarsa ta canza.

"Akawu, ba an gama ba? Me kuma na yi?"

Na roƙe shi ya ɗauko takardar inshorarsa. Ya sa aka zaro ta daga aljihun mota, duk ta yi baƙin mai. Na karanta masa ita da Hausa, layi-layi, na gaya masa cewa da alƙali ya yanke diyya, ko taya ɗaya ba za a cire daga motarsa ba, kamfanin ne zai biya, don haka yake ba su kuɗi duk shekara. Ya dubi takardar, ya dube ni.

"Kana nufin takardar nan ta 'yan sanda?"

"Ita."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To ni da na kwashi liman da dattawa, wa na je na roƙar wa?"

"Kamfanin, Alhaji."

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya cire hularsa ya riƙe. Can ya miƙe ya ce mu tafi yanzu.

Bayan la'asar muka shiga zauren Malam Sule. Tsoho ne siriri, tela ne a da, yana zaune a kan buzu, Haruna na gefe daga bakin ƙofa. Na yi bayanina tun daga farko, a hankali, yadda ban taɓa yi wa kowa ba. Ban rufe baki ba sai na ga Alhaji Bala, mai babbar riga da furfura, ya sauko daga tabarma ya durƙusa.

"Malam Sule, don girman Allah ka bar yaron nan ya kai ni ƙara."

Na ga abubuwa da yawa a wannan sana'a. Na ga shaidan ƙarya ya suma, na ga an saci fayil daga ɗakin alƙali. Ban taɓa ganin wanda ake ƙara a durƙushe yana roƙon a yi ƙararsa ba, sai a ranar.

"Tashi, Alhaji, kada ka sa ni kunya a gidana," in ji tsohon. Sannan ya juyo gare ni. "Akawu, me kake so in je in faɗa wa alƙali?"

"Cewa ba ku fahimci takardar ba, Baba. Kuma gaskiya ce, ba a fassara muku ba."

"Takarda ban karanta ta ba. Amma abin da ke cikinta, ba yafewa ba ne?"

"Shi ne."

"To shi na faɗa da bakina, liman yana zaune a nan inda kake, dattawan unguwa sun cika zauren nan. Ba a sa mini wuƙa a wuya ba. Yanzu in je in dafa Alƙur'ani in ce ban san abin da na yi ba? Na sani."

"Malam, ni aka yafe wa, kuma na ce ba na so," in ji Alhaji. "Na dawo da ita. Hannun yaron nan fa!"

"Ba hula ba ce, Alhaji, da za ka dawo da ita."

Na sake gwadawa. Na ce masa 'ya'ya huɗu ne, kuma mutanen da za su ci ribar wannan yafewa ba su san Haruna ba, ba su taɓa jin sunan unguwar nan ba. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Na ji, kuma na yarda da kai. Da na ji wannan magana kafin in buɗe bakina, da wata magana ake yi yanzu. Akawu, tun da aka fara shari'ar nan, sau nawa ka shigo zauren nan?"

"Yau ne na farko, Baba."

Ya gyaɗa kai.

Saura mutum ɗaya. A doka Haruna ne mai ƙara, ba mahaifinsa ba, kuma rantsuwarsa shi kaɗai tana iya buɗe ƙofar, ko da ba za ta kai ƙarfin ta mutum biyu ba. Na juya na gaya masa haka a gaban kowa, na ce hannunsa ne, haƙƙinsa ne, ya faɗi abin da yake so. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi Alhaji da ke durƙushe har yanzu.

"Baba ya gama magana, Akawu."

Da mako biyun suka cika, Barista ya miƙe ya ce ba mu da abin cewa, alƙali ya rufe ƙarar. Mai latas ta tambaye ni a bakin ƙofa ko sai yaushe za a kira ta, na ce ta koma kasuwa.

Daga wannan ƙara har na ajiye aiki, ban sake buga sunan kowa a kan sammaci ba sai na fara gano wane ne babba a gidan mai ƙara, na je na cire takalmina na zauna a gabansa, na karanta masa komai da Hausa. Idan wanda za a yi ƙara maƙwabci ne, shi ma nakan je. Wannan ba ya cikin littattafan da za a ba ku, kuma babu lauyan da zai biya ku kuɗin motar wannan tafiya.

Haruna bai karɓi diyyar hannunsa ba, kuma ba zai karɓa ba. Yana nan a Katako, a rumfar wani wanda shi ya koya wa aiki a da. Yakan sa alama a kan katako da fensir a hannun hagu, masu hannu biyu su yanka.